Hayaƙin Montreux: Tarihin Faifan da Masu Shi Suka Raina

A watan Mayun 1973 kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar da wani ƙaramin faifai na ƙungiyar makaɗan Ingila mai suna Deep Purple. Sunan waƙar "Smoke on the Water", wato hayaƙi a kan ruwa. Waƙar ba sabuwa ba ce. Ta riga ta yi wata 14 a kasuwa, tana kwance cikin babban faifansu mai suna Machine Head, kuma a tsawon wannan lokaci babu ko ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin da suka yi ta da ya taɓa cewa a ware ta a sayar ita kaɗai. Lokacin da kamfani ya farga ya ware ta, mai rera ta ya riga ya rubuta takardar barin aiki, saura masa 'yan makonni ya kama gabansa.

Kafin mu shiga labarin, sai mun ɗan tsaya a kan yadda kasuwar faifai take a wancan zamani, domin matashin da ya taso da waya a hannu ba zai gane inda gizo ke saƙar ba. Faifan garmaho iri biyu ne ke ci a lokacin. Akwai babba, mai faɗin inci 12, wanda ke juyawa sau 33 da ɗoriya a minti, yana ɗaukar waƙoƙi bakwai ko takwas, kusan minti 20 a kowace fuska. Akwai kuma ƙarami, mai inci 7, mai juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ƙaramin shi ne na yara masu kuɗin kashewa kaɗan, shi ne kuma gidajen rediyo masu farin jini ke sakawa, shi ake lissafawa a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa kowane mako. Zaɓen waƙar da za a ware daga babban faifai a mai da ita ƙarami caca ce ta gaske, domin ita ce za ta yi wa sauran talla. Makaɗan rok mai nauyi na farkon shekarun 1970 kuwa da yawansu raina ƙaramin faifai suke yi, suna ganin na 'yan rawa ne. Led Zeppelin ma ƙin yarda suka yi a riƙa fitar musu da shi a Ingila, har shahararriyar waƙarsu "Stairway to Heaven" ba a taɓa sayar da ita a ƙaramin faifai ba a lokacin tasirinta.

Deep Purple ba su kai nan wajen girman kai ba, don sun san daɗin ƙaramin faifai tun daga farko. An kafa ƙungiyar a 1968, kuma a wannan shekarar waƙar "Hush", wadda asalinta ta Joe South ce, ta kai su lamba 4 a Amurka alhali a gida Ingila ba wanda ya damu da su. Daga nan sai abin ya juye. Kamfanin da ke fitar musu da faifai a Amurka, Tetragrammaton, ya karye, Warner Bros. ya gaji kayansa. A 1969 suka sallami mawaƙinsu Rod Evans da mai jitar bes Nick Simper, suka ɗauko Ian Gillan da Roger Glover daga wata ƙungiya mai suna Episode Six. Da waɗannan biyun, ga Ritchie Blackmore a kan jita, Jon Lord a kan ogan, Ian Paice a kan ganguna, aka samu mutum biyar ɗin da wannan labari ya shafa. A 1970 "Black Night" ta kai lamba 2 a Ingila, a 1971 "Strange Kind of Woman" ta kai lamba 8, babban faifansu Fireball kuma ya hau lamba 1. Sun zama sarakai a gida da Jamus da sauran ƙasashen Turai. Amurka kuwa, inda kuɗin yake, ta kusa mantawa da su.

A ƙarshen 1971 suka yanke shawarar ba za su ƙara shiga ɗakin ɗaukar sauti irin na al'ada ba. Ƙorafinsu shi ne, ƙarfin da suke da shi a gaban jama'a ba ya fitowa a faifai. Ɗakin da aka lulluɓe da abin tsotse amo yana kashe musu kiɗa. Suna son babban zaure, su jera kayansu kamar za su yi wasa, sai dai ba 'yan kallo. Akwai kuma batun haraji, domin aikin da aka yi a wajen Ingila yana da sauƙi ta wannan fuska. Suka yi hayar motar ɗaukar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones, wata babbar mota da aka cika da na'urori, wadda za a iya fakawa a bakin kowane gini a ja wayoyi zuwa ciki. Suka zaɓi gidan caca na Montreux, wani ƙaramin gari a bakin tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan. Mai masaukinsu shi ne Claude Nobs, ma'aikacin ofishin yawon buɗe ido na garin, wanda ya kafa bikin kiɗan jaz na Montreux a 1967. Gidan cacan zai rufe don hutun hunturu, saura wasa ɗaya kawai, na Frank Zappa da ƙungiyarsa Mothers of Invention, ranar 4 ga Disamba. Da an gama, zauren nasu ne.

Ana tsakiyar wasan Zappa, wani daga cikin 'yan kallo ya ciro bindigar harba wutar alama, irin wadda masu jirgin ruwa ke neman agaji da ita, ya harba sama. Rufin zauren an yi masa ado da busasshiyar saƙa irin ta kujeru, sai ya kama. Zappa ya tsayar da kiɗa, ya ce wa mutane su fita cikin natsuwa. Nobs, da yake ya san lungu da saƙo na ginin, ya yi ta shiga yana fito da matasan da suka ɓuya ko suka rasa hanya. Abin mamaki, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Amma gidan ya ƙone ƙurmus, tare da duk kayan kiɗan Zappa. Shi Zappa ma wannan makon bai zo masa da daɗi ba: ranar 10 ga wata, a gidan wasa na Rainbow da ke Landan, wani ɗan kallo ya hankaɗo shi daga kan dandali, ya ji munanan raunuka, ya shafe watanni a kan keken guragu.

'Yan Deep Purple suna cikin waɗanda suka fito daga zauren. Suka koma gefe suna kallon wuta tana cin wurin da suka yi niyyar fara aiki, iska na kwantar da hayaƙin a kan ruwan tafki. Bayan 'yan kwanaki Glover ya farka daga barci da kalmomin nan a bakinsa. Da ya faɗa wa Gillan, sai suka ɗan yi jim, don suna tsoron kada a ɗauka waƙar shaye-shaye ce. Aka ajiye sunan a gefe.

Motar haya tana tsaye, kwanaki suna tafiya, kuɗi na ƙonewa. Nobs, duk da masifar da ke kansa, ya samar musu wani gidan wasa mai suna Pavillon a tsakiyar gari. Nan suka kafa kaya, Blackmore ya fito da wani take a kan jita, sauran suka bi shi, aka fara ɗauka da daddare. Montreux gari ne na tsofaffi da masu hutu, ga shi tsakanin duwatsu, ƙara tana tafiya nesa. Maƙwabta suka kira 'yan sanda. Yaran ƙungiyar masu ɗaukar kaya suka danne ƙofa, 'yan sanda na bugu daga waje, har aka kai ƙarshen kiɗan. Abin da aka samu daga Pavillon ke nan, kiɗa ɗaya tak, babu waƙa a kansa, babu ma suna, sai aka rubuta masa lamba ta ɗaya a jikin akwatin tef. Aka kore su.

Bayan kusan mako guda ana nema, aka dace da Grand Hotel, wani tsohon otal a gefen gari wanda ya rufe saboda hunturu. Babu kowa a ciki, ga sanyi. Suka zaɓi wani dogon lungu da ke tsakanin ɗakuna, suka toshe shi, suka kwaso katifu daga kan gadaje suka jingina a bango da tagogi, suka kawo na'urar ɗumama wuri da jajayen fitilu. Mota tana waje, injiniyansu Martin Birch yana ciki. Da yake sun toshe hanyar kai tsaye, duk wanda ke son jin abin da aka ɗauka sai ya ratsa ɗakunan kwana da banɗakuna, ya bi ta baranda cikin sanyi, ya sake shiga wani ɗaki, kafin ya isa motar. Ba a daɗe ba suka gaji da wannan zirga-zirga, suka daina zuwa sauraro, sai dai su buga har sai ransu ya ba su cewa ya yi. Ina ganin rabin kyan Machine Head daga wannan wahala ya fito. Mutumin da ba zai iya komawa ya yi ta gyare-gyare ba, dole ya buga da gaske tun karon farko. Tsakanin 6 da 21 ga Disamba aka gama komai.

Ana dab da tashi suka lissafa, suka ga waƙoƙin ba su cika faifai ba. Sai aka tuna da kiɗan nan na Pavillon. Gillan da Glover suka zauna suka rubuta masa baitoci, kuma ba su wahalar da kansu ba: abin da ya same su a makonnin nan suka jera, kamar mai ba da rahoto. Waƙar ta faɗi garin, ta faɗi tafkin, ta ambaci Zappa da mutanensa, ta ambaci Claude da ceton yaran da ya yi, ta ambaci motar Rolling Stones da otal ɗin da tsofaffin gadajen. Wanda ya harba bindiga kuwa, ba a kira sunansa ba, baƙar magana ɗaya aka yi masa aka wuce. A cikin waƙoƙin rok da duniya ta sani, ba kasafai ake samun wadda duk abin da ta ƙunsa labarin yadda aka yi ta ba ne. Wataƙila shi ya sa masu ita suka raina ta. A wurinsu ciko ce, 'yar tsokana tsakanin abokai, abin tunawa da wata tafiya da ta zo da gardama.

Taken da Blackmore ya buga ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya ɗauki waƙar ya kai ta inda ta kai. Sautuka huɗu ne kacal ake jujjuyawa. Yaron da ya fara riƙe jita yau, kafin magariba zai iya fitar da wani abu mai kama da shi a kan tsirkiya ɗaya, shi ya sa masu shagunan kayan kiɗa a Turai da Amurka suka gaji da jin sa daga hannun masu gwaji. Amma yawancin masu kwaikwayo ba daidai suke yi ba. Blackmore tsirkiya biyu yake fizga a lokaci guda da yatsu, ba ya kaɗa su da ɗan maballin da aka saba, abin da ke ba sautin wani kauri da bushewa. Jon Lord kuma yana bin sa a kan ogan ɗin Hammond da aka jona da amsa-kuwwar Marshall irin ta jita, har kunne ya kasa raba su. Sannan ga yadda aka gina farkon waƙar: jita ita kaɗai, sai ganguna su shigo a hankali, sai bes, sai murya. Blackmore ya taɓa cewa daga kiɗan Beethoven na biyar ya juyo taken, amma mutum ne da ya shahara da zolayar 'yan jarida, kuma duk wanda ya saurari biyun zai sha wuya kafin ya ga dangantakar.

Machine Head ya fito a watan Maris na 1972, a ƙarƙashin sabon kamfaninsu Purple Records a Ingila da Warner Bros. a Amurka. Waƙoƙi bakwai ne. "Smoke on the Water" ita ce ta farko a fuska ta biyu, tsawonta minti 5 da daƙiƙa 40. Da aka zo zaɓen wadda za a ware, ƙungiyar ta nuna "Never Before". Sun ma fi ɓata lokaci a kanta wajen ɗauka, don sun yi imani ita ce mai shiga rediyo: gajera ce, tana da amshi mai daɗi. Aka saka "When a Blind Man Cries" a bayanta, waƙar da aka ɗauka a otal ɗin amma Blackmore bai so ta ba, aka hana ta shiga babban faifai. "Never Before" ta tsaya a lamba 35 a Ingila, ta sauko, aka manta da ita. Ita ta bayan ce ma ta fi ta tsawon rai a wurin masoya. Babban faifan dai ya hau lamba 1 a Ingila, don haka ba wanda ya tsaya yin dogon nazari a kan kuskuren. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

A cikin watan Maris ɗin suka buga waƙar a wani wasa da BBC ta ɗauka a Landan, daga nan ta shiga jerin abin da suke yi a dandali. A nan ne suka fara lura da wani abu: da Blackmore ya taɓa sautukan farko, zaure ya ɗauka da tafi. A watan Agusta suka je Japan karon farko, suka yi wasa uku, biyu a Osaka ranakun 15 da 16, ɗaya a zauren Budokan na Tokiyo ranar 17. Reshen kamfaninsu na Japan ya roƙi a ɗauki wasannin don kasuwar can kawai. Ba da son ransu suka yarda ba, sun dai sa sharaɗin Martin Birch ne zai ɗauka. Da suka ji abin da ya fito, suka sauya ra'ayi. Made in Japan ya fito a Disambar 1972, faifai biyu a jaka ɗaya, da "Smoke on the Water" ta daren farko a Osaka a ciki. Har yau ana sa shi cikin mafi kyawun wasannin da aka taɓa ɗauka kai tsaye.

Warner Bros. a Amurka suka ja ƙafa. Suna da sabon babban faifan ƙungiyar, Who Do We Think We Are, da zai fito a Janairun 1973, ba sa son kayansu biyu su yi kishi a kasuwa. Amma 'yan kasuwa suka riƙa shigo da Made in Japan daga waje ana wawaso, har dole kamfanin ya fitar da nasa wajen Afrilu. A lokaci guda kuma, gidajen rediyon FM, waɗanda ba ruwansu da ƙaramin faifai, waɗanda mai gabatarwa ke ɗauko babban faifai ya saka waƙar da ransa ya so, sun daɗe suna juya "Smoke on the Water", masu sauraro na kira suna neman a maimaita. Abin da ya rage wa kamfani shi ne ya bi sawun jama'a. Aka datse waƙar ta koma ƙasa da minti 4 don ta dace da rediyon AM, aka sa ta otal a fuska ɗaya, ta Osaka a ɗayar, ita ma a datse. Dabara ce mai kyau, don ƙaramin faifai ɗaya yana yi wa manya biyu talla. Datsewar dai ta rage mata armashi, musamman wurin da Blackmore ke sakin hannu shi kaɗai, amma ba domin masu kunnen ƙwarai aka yi ta ba.

A daidai wannan lokaci gidan ya riga ya tsage. Shekara uku suna aiki ba hutu, daga mota zuwa jirgi zuwa dandali. Ciwon shawara ya kwantar da Gillan a 1971, ya kwantar da Blackmore a 1972, duka biyun ana tsakiyar zagayen Amurka. Gillan da Blackmore sun kai ba sa ga maciji. Lokacin ɗaukar Who Do We Think We Are a Italiya da Jamus, da kyar ake haɗa su a ɗaki ɗaya. A Disambar 1972 Gillan ya rubuta wa manajojinsu, Tony Edwards da John Coletta, cewa zai tafi da zarar an kammala wasannin da aka riga aka yi alkawari. Blackmore shi ma ya yi barazanar tafiya, aka lallashe shi, ya ce zai zauna idan za a sauya mai bes. Glover, mutumin da ya yi mafarkin sunan waƙar, ya gano ana shirin cire shi, ya ce ya hutar da su. Wannan ita ce ta fi zafi a labarin, don ba a taɓa cewa ga laifin da ya yi ba.

Ranar 29 ga Yunin 1973 suka yi wasansu na ƙarshe tare, a Osaka, garin da aka ɗauki fuskar baya ta faifan da ke hawa jadawali a daidai wannan makon. Bayan 'yan makonni "Smoke on the Water" ta kai lamba 4 a jadawalin Billboard na Amurka, matsayin da "Hush" ta kai shekara 5 da suka wuce, ta kai lamba 2 a Kanada. A watan Agusta aka ba ta shaidar zinare, wadda a lokacin ke nufin an sayar da kwafi miliyan ɗaya. Ta jawo Machine Head, mai fiye da shekara a kasuwa, ya hau lamba 7 a Amurka, ya kuma zauna a jadawali sama da shekara 2. Made in Japan ya kai lamba 6. A wannan shekarar babu wanda ya fi Deep Purple sayar da manyan faifai a Amurka. Ƙasar da suka yi shekaru suna nema ta buɗe musu ƙofa, sai dai biyu daga cikin biyar ɗin suna gida a zaune.

Waɗanda suka ci moriyar wasu ne. Aka ɗauko Glenn Hughes daga ƙungiyar Trapeze, da wani saurayi da ba wanda ya sani, David Coverdale, mai aiki a shagon tufafi a arewa maso gabashin Ingila. Ranar 6 ga Afrilun 1974, a bikin California Jam, gaban mutum wajen 250,000, su ne suka tsaya suna rera labarin gobarar da ba su gani ba, suna cewa mu, mu, kamar da su aka yi. Jama'a ba su damu ba. Taken suka zo ji. Blackmore ya fice a 1975 ya kafa Rainbow, Ba'amurke Tommy Bolin ya maye gurbinsa, ƙungiyar ta watse a 1976, Bolin kuma ya rasu a Disambar wannan shekara. Glover ya koma tsara wa wasu faifai, ciki har da Nazareth da Judas Priest, kuma a 1979 Blackmore ɗin da ya sa aka cire shi ya kira shi cikin Rainbow, ya kuwa amsa.

Ingila fa? Nan ne abin dariyar yake. A ƙasarsu ta haihuwa ba a fitar da waƙar a ƙaramin faifai ba sai 1977, shekara 5 bayan Machine Head, lokacin babu wata ƙungiya mai suna Deep Purple a doron ƙasa, matasan Landan kuma sun koma wa su Sex Pistols, suna kallon makaɗa irin su Blackmore a matsayin tsofaffin da zamani ya wuce. Duk da haka ta kai lamba 21. Wanda ya duba jadawalin Ingila kawai zai ɗauka "Black Night" ce babbar waƙar Deep Purple, "Smoke on the Water" kuwa wata 'yar tsaka-tsaki ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna iyakar abin da jadawali ke iya aunawa.

Daga nan waƙar ta zama ta kowa. Da Gillan ya shiga Black Sabbath a 1983, da ita suke rufe wasa, abin da ya ɓata wa wasu masoyan Sabbath rai. A 1984 mutum biyar ɗin suka sake haɗuwa, suka yi Perfect Strangers, suka sake saɓawa, har Blackmore ya fice a 1993, bai sake dawowa ba. Pat Boone, mawaƙin da iyayen Amurka suka sani da kamun kai tun shekarun 1950, ya rera ta a 1997, Blackmore da kansa ya buga masa jita. An tara masu jita sama da 1,300 a Vancouver a 1994, sama da 1,800 kusa da Stuttgart a 2007, duk don su buga taken nan tare a shiga kundin bajinta na Guinness. Irin wannan taro ba kiɗa ba ne, hayaniya ce, amma babu wata waƙar da za a iya tara mata wannan adadi a tabbatar kowa ya iya.

Fitowar da ta fi muhimmanci bayan ta 1973, a ganina, ita ce ta 1989. Ranar 7 ga Disambar 1988 girgizar ƙasa ta afka wa yankin Spitak a Armeniya, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, ta kashe aƙalla mutum 25,000. Aka shirya neman taimako da sunan Rock Aid Armenia, aka zaɓi "Smoke on the Water" a sake ɗauka a Landan. Gillan ya rera tare da Bruce Dickinson da Paul Rodgers da Bryan Adams. A kan jita akwai Blackmore, da David Gilmour na Pink Floyd, da Brian May na Queen, da Tony Iommi na Black Sabbath, da Alex Lifeson na Rush. Faifan ya shiga cikin 40 na sama a Ingila. Abin bai tsaya nan ba. Gillan ya je Yerevan ya yi wasa a 1990, kuma da shi da Iommi suka koma ƙasar bayan shekara 20 da girgizar, suka tarar da wata makarantar koyon kiɗa a garin Gyumri har lokacin tana cikin ginin wucin gadi. Suka haɗa wani aiki mai suna WhoCares don tara kuɗi, da gudummawar wasu masu taimako aka gina sabuwa, aka buɗe ta a 2013.

Shi kuwa Machine Head an yi ta sake fitar da shi. A 1997, don cikarsa shekara 25, Glover ya koma kan tef na asali ya sake haɗa sautin, aka ji wani salon jitar Blackmore na daban da ba a yi amfani da shi ba a 1972. Gidan cacan Montreux an sake gina shi, aka buɗe a 1975, a cikinsa aka kafa ɗakin ɗaukar sauti na Mountain wanda daga baya Queen suka saya. Garin da ya kira wa Deep Purple 'yan sanda ya kafa wa waƙar abin tunawa a bakin tafki. Jon Lord ya rasu a 2012, Claude Nobs a Janairun 2013 bayan hatsarin da ya yi a wasan zamiya kan ƙanƙara, Martin Birch a 2020. An shigar da ƙungiyar zauren girmamawa na makaɗan rok a Amurka a 2016, Blackmore bai halarta ba. A watan Maris na 2024 aka sake fitar da Machine Head a babban akwati, kuma wanda aka danƙa wa tef ɗin Grand Hotel ya sake haɗa sautinsu shi ne Dweezil Zappa, ɗan Frank Zappa, wanda yake da shekara 2 a duniya lokacin da kayan kiɗan mahaifinsa suka ƙone a Montreux.